Yukikaze: Jirgin yaƙin Japan da ya ga bayan abokan tafiyarsa

A cikin jiragen ruwan yaƙi 19 samfurin Kagero da ƙasar Japan ta ƙera, guda ɗaya tak ya kai ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu yana kan ruwa. Sunansa Yukikaze, wato iska mai ɗauke da dusar ƙanƙara.

An fara ƙera shi a masana'antar sojin ruwa ta Sasebo a watan Agustan 1938, ya kama aiki ranar 20 ga Janairun 1940. Yana cikin rukunin ƙananan jirage masu gudu waɗanda aikinsu shi ne raka manya da kai farmaki ba zato. Tsawonsa ya kai mita 118, nauyinsa kimanin tan 2,000, yana kuma gudun kusan kilomita 65 a sa'a, da ma'aikata kimanin 240.

An ɗora masa manyan bindigogi shida masu faɗin baki milimita 127, amma ainihin ƙarfinsa yana ga bututu takwas na harba nakiya mai gudu a ƙarƙashin ruwa, samfurin 93. Wannan nakiya tana aiki da zallar iskar oksijin, saboda haka tana cin zangon sama da kilomita 20 ba tare da barin sawun kumfa mai yawa da zai tona asirinta ba. Dabarar hafsoshin Japan ita ce irin waɗannan jirage su afka wa rundunar Amurka cikin dare, su raunana ta kafin babban gumurzu.

Sai dai yaƙin bai bi wannan lissafi ba. Jiragen sama ne suka zama masu yanke hukunci, kuma ta nan ne aka yi wa samfurin Kagero ƙarancin tanadi. Daga baya sai da aka cire bindigogi biyu daga bayan Yukikaze domin a sami gurbin kafa na kakkaɓo jiragen sama.

Jirgin ya halarci mamayar Filifin a Disambar 1941, da faɗan Tekun Java, da na Midway a Yunin 1942, da gwagwarmayar tsibirin Guadalcanal. A Tekun Bismarck, a Maris ɗin 1943, jiragen saman Amurka da Ostireliya sun nutsar da dukan jiragen dakon sojoji takwas da ke cikin ayarin, tare da huɗu daga cikin 'yan rakiya takwas. Yukikaze ya tsamo waɗanda ya iya tsamowa, ya koma.

Haka abin ya ci gaba da maimaituwa. Yana cikin masu rakiya lokacin da jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka ya nutsar da Kongo a Nuwambar 1944, kwana takwas bayan nan kuma aka nutsar da Shinano, katafaren jirgin dakon jiragen sama, a gabansa. Ranar 7 ga Afrilun 1945 ya raka Yamato a tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Okinawa. Jirage goma suka fita, huɗu suka dawo. Wannan ne ya sa wasu ke kiransa jirgi mai sa'a, wasu sojojin ruwa kuwa suka riƙa camfa shi, suna ganin duk wanda ya raka ba ya dawowa. Amma sa'a kaɗai ba ta isa bayani ba, domin ƙwarewar matuƙansa wajen kauce wa bama-bamai sananniya ce, musamman a zamanin kwamanda Terauchi Masamichi.

Bayan Japan ta miƙa wuya, an kwance masa makamai, ya shiga jigilar sojoji da fararen hula daga ƙasashen waje zuwa gida. A Yulin 1947 aka miƙa shi ga Jamhuriyar Sin a matsayin diyyar yaƙi, aka sauya masa suna zuwa Dan Yang, daga bisani ya bi gwamnatin Chiang Kai-shek zuwa Taiwan, inda ya yi aiki har 1966. Tsofaffin ma'aikatansa sun nemi a dawo da shi Japan a adana, amma aka wargaza shi. Angarsa da abin juya akalarsa kawai aka mayar a 1971, suna nan ajiye a makarantar sojin ruwa da ke Etajima.