Subjuntivo: Abin da Bahaushe Ya Riga Ya Iya

Matasan Suleja masu koyon Sifaniyanci ta waya, wasu don son Real Madrid da Barcelona, wasu don fataucin Malabo ta Ikwatoriyal Gini inda ake harkokin hukuma da shi, sukan cije a wuri ɗaya, wato subjuntivo. Yawancin darussan don masu jin Turanci aka tsara su, shi ya sa ake kambama shi kamar dodo. Bahaushe kuwa da shi ya tashi.

"Kana zuwa" labari ne. "Ina so ka zo" buri ne, zuwan bai faru ba tukuna. Haka Sifaniyanci ke raba vienes da quiero que vengas, kuma vengas ɗin nan shi ne subjuntivo. Sai dai mu wakilin suna muke sauyawa, su kuwa wutsiyar aikatau. Don gina shi, a ɗauki siffar aikatau da mutum ke faɗa game da kansa, a cire o na ƙarshe, a musanya wasali: masu ƙarewa da -ar su ɗauki e, masu -er da -ir su ɗauki a. Hablo ya zama hable, como ya zama coma, tengo ya zama tenga. 'Yan taurin kai irin su sea, vaya da sepa sai hadda.

Wajen ladabi kamannin ya fi fitowa. Ɗan kasuwa a Kasuwar IBB ba ya ce wa dattijo "zauna", cewa yake "Baba, a shigo, a zauna." Mutumin Madrid ma, idan yana girmama baƙo da usted, cewa yake pase, siéntese. Hani ma haka: no vayas shi ne "kada ka tafi". Addu'a kuwa da ojalá ake buɗe ta, kalmar da suka gada daga Larabcin Andalus: ojalá llueva, Allah ya sa a yi ruwa.

Inda Hausa ke yaudarar mai koyo shi ne shakka. Mukan ce "ina jin zai zo", mu kuma ce "ba na jin zai zo", "zai" yana nan daram. Su kuwa creo que viene ne, amma da kokwanto ya shigo sai ya koma no creo que venga. Sannan idan mai burin shi ne mai aikatawa, ba a taɓa wutsiyar ko kaɗan: "ina so in zo" quiero venir ne kawai.