Ko Kun Sani? Jan Ruwan Gishiri da Sankarar Mama

A garin Santa Pola da ke kudu maso gabashin Sifaniya, akwai kududdufan da ake shanya ruwan teku domin samun gishiri. Idan ruwan ya yi kauri sai ya koma ja-ja, kamar an zuba masa zoɓo. Cikin masu rina shi akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda gishiri ne rayuwarsu. A ruwan daɗi ma fashewa suke yi.

Jan launin nasu, bakteriyorubarin, ɗan'uwan sinadarin da ke ba karas kalarsa ne, kuma shi ke kare su daga ƙunar rana.

A 2023 masana a Jami'ar Alikante suka tatso wannan launi daga Haloferax mediterranei, ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan halittu, suka zuba a kan ƙwayoyin sankarar mama da aka raina a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwayoyin cutar sun ragu, har da nau'in da ya fi wuyar magani, alhali lafiyayyun ƙwayoyin mama ba su ji jiki ba. Wannan bambancin ne ya fi faranta rai.

Sai dai a faranti aka yi gwajin. Kada mai sankara ta bar maganin asibiti saboda wannan labari.