Hoton Janar Abdulsalami mai sa hannu: yadda ake gane sahihi da yadda ake adana shi a yankin fadama

Cikin masu sha'awar kayan tarihi akwai waɗanda suka fi karkata ga tara hotunan shugabanni masu ɗauke da sa hannunsu. Hoton Janar Abdulsalami Abubakar yana da matsayi na musamman a wannan fage, domin mulkinsa bai cika shekara ba. Ya karɓi ragama a watan Yunin 1998 bayan rasuwar Janar Sani Abacha, ya miƙa ta ga Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu, 1999. Hotonsa na hukuma bai daɗe a bangon ofisoshi ba aka sauke shi.

Abin da ya biyo bayan mulkin shi ya ƙara wa hoton daraja. Shi ne mai shiga tsakani na ƙungiyar ECOWAS a tattaunawar Accra, wadda ta kai ga yarjejeniyar zaman lafiyar Laberiya a watan Agustan 2003. Shi ne kuma shugaban Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, wanda Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari suka rattaba hannu a gabansa kafin zaɓen 2015. A 2023 ya tafi Yamai tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar bayan juyin mulkin Nijar. Saboda haka mai tara hotunansa kan raba su gida biyu: na kakin soja da na babbar riga da farin gemu.

Sai dai ba kowane sa hannu ne sahihi ba. Wani an buga shi ne tare da hoton a maɗaba'a, wani sakatare ne ya kwaikwaya, wani kuma na'ura ce ta zana, irin wadda shugabannin Amurka suka daɗe suna amfani da ita. Gwaji na farko shi ne a karkata hoton ga haske: tawadar alƙalami tana zama a saman takarda, ƙyallinta ya bambanta da na hoton, kuma biro yakan bar gurbi. Na biyu, a kwatanta da wani kwafi. Ɗan Adam ba ya sa hannu sau biyu iri ɗaya sak, don haka idan biyu suka dace ba ko ɗigon bambanci, bugu ne ko aikin na'ura.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne asalin hoton: wa aka ba, a ina, a wane taro? Wasiƙar da ta rako shi, ko katin gayyata, ko ambulan mai tambarin gidan waya, su ne shaidunsa. Hoton da ya rabu da labarinsa ya yi asarar mafi yawan darajarsa, ko a kasuwa ko a wurin masu bincike. Ya kamata mai shi ya rubuta bayanin tun yana raye, a takarda daban ko a bayan hoton da fensir mai laushi, kada magada su tarar da fuska da sa hannu kawai.

A wuri irin Guri da sauran garuruwan fadamar Kogin Haɗeja, babban abokin gābar hoto shi ne danshi. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 sun shiga gidaje a masarautar. Ko ruwa bai shigo ɗaki ba, laimar damina tana sa hoto ya yi fumfuna ko ya manne da gilashi, gara kuma ta bi ta bayan firam. Maganin ba mai tsada ba ne. Kada a jingina hoton da bangon da ke tsattsafo, kada a bar shi inda rana ke dukansa, domin tawada tana koɗewa. A sa kwali a gefuna don ya raba shi da gilashi, a ajiye shi a sama, nesa da daɓe. A guji liƙe shi da leda mai zafi kamar yadda ake yi wa takardun makaranta, domin in an liƙe ba ya ɓantaruwa lafiya. Idan ya jiƙe, a shanya shi a inuwa, fuskarsa sama, ba tare da an goge ba.

Yana da kyau a ɗauki kwafinsa a waya ko kwamfuta, a rataye kwafin, a killace na asalin. Wanda kuma yake ganin ba zai iya riƙonsa ba, akwai cibiyoyi irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, waɗanda adana irin waɗannan takardu shi ne aikinsu.