Galahanga: Abin da ya kamata ku sani, da darasin da ke birnin Jidda

Hausawa sun fi sanin Jidda a matsayin mashigar alhazai da kasuwar tsaraba, kuma dubban 'yan'uwanmu sun daɗe da zama a unguwanninta. Amma birnin yana da wani tarihin da ba a cika ambata ba. A nan ne a shekarar 1993 ƙungiyar mata ta Al-Faisaliyya ta buɗe cibiyar farko a Saudiyya ta kula da yara masu galahanga, larurar da likitoci ke kira otizim, Larabawa kuma tawahhud. Tun kafin nan, a 1985, Maha Juffali ta kafa Markazul Aun domin yara masu jinkirin fahimta. Mata ne suka fara wannan aiki, a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye irin waɗannan yara a cikin gida.

Mece ce galahanga?

Larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, musamman ta fuskar magana da cuɗanya da mutane. Ba taɓin hankali ba ce, ba a kuma ɗaukar ta daga wani. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ne ya fara bayaninta dalla-dalla a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta a jikin maza fiye da mata.

Larurar hawa-hawa ce. Wani yaron ba ya magana ko kaɗan, sai an yi masa komai. Wani kuma yana zuwa makaranta, yana haddace karatu fiye da tsaransa, amma zama cikin jama'a yana yi masa wuya. Wasu suna haɗawa da farfaɗiya ko rashin barci.

Alamomin da uwa za ta lura da su

Yawanci alamomin suna bayyana kafin yaro ya cika shekara 3. A kira sunansa bai waiwayo ba, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya haɗa ido da mai yi masa magana. Ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. Maganarsa ta yi jinkiri, ko kuma 'yan kalmomin da ya fara faɗa sun ɓace. Wani sai ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa maimakon ya amsa. Ana kuma ganin kaɗa hannu, da juyi a wuri ɗaya, da jera kaya layi-layi, da toshe kunne idan an kunna injin markaɗe, da kuka mai tsanani idan an sauya masa abin da ya saba.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Idan suka taru, a garzaya asibiti, kada a tsaya ana cewa ai babansa ma bai yi magana da wuri ba.

Me ke kawo ta?

Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa gado ne ke da kaso mafi girma. Haihuwar bakwaini da yawan shekarun iyaye suna iya ƙara yiwuwar samunta. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba ne.

Masu bincike a Saudiyya da suka tattauna da iyaye sun tarar cewa da yawansu suna danganta larurar da kambun baka ko sihiri, kamar yadda a ƙasar Hausa ake cewa ɗan ruwa ne ko shafar aljanu. Addu'a makamin mumini ce, babu mai hana ta. Asarar ita ce a shafe shekaru ana yawon neman magani ba a kai yaron wurin masana ba.

Batun allurar rigakafi kuwa, rahoton da ya haddasa zargin cewa tana kawo galahanga ya fito ne a mujallar Lancet ta Ingila a 1998. Mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi, Andrew Wakefield. Manyan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara ba su sami wata alaƙa ba.

Yadda ake gano ta

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna galahanga. Da farko ana duba jin yaron, domin kurumta ma tana hana magana. Akwai wata takardar tambayoyi, M-CHAT, da iyaye ke amsawa idan yaro yana tsakanin wata 16 da 30, kuma an fassara ta zuwa Larabci. Idan ta nuna alamar damuwa, sai likitan yara da masanin halayyar ɗan Adam na asibiti su karɓi aikin. Masanin zai zauna da iyaye ya ji tarihin yaron tun daga goyon ciki, ya yi wasa da shi yana lura da yadda yake kallo da roƙo da amsawa, sannan ya auna fahimtarsa da iya hidimar kansa. Daga nan ake tsara wa kowane yaro shirinsa.

Irin kulawar da ake bayarwa

Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga. Abin da ke aiki shi ne horo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cibiyoyin Jidda, ciki har da Cibiyar Magana da Ji ta Jidda da aka fi sani da JISH, ana koya wa yaro magana, ko sadarwa da hotuna idan maganar ta ƙi. Ana rarraba kowane aiki zuwa ƙananan matakai, kamar wanke hannu ko sa riga, a yaba wa yaron a duk matakin da ya iya har ya haɗa su. Jami'ar Darul Hikma da ke birnin tana yaye masu gyaran magana da malaman yara masu buƙata ta musamman.

Duk da haka, cibiyoyi masu zaman kansu suna da tsada, tallafin gwamnati kuma galibi na 'yan ƙasa ne, don haka baƙi masu ƙaramin ƙarfi su ne suka fi shan wahala. Wannan ne ya sa horar da iyaye ke da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri na koya wa masu reno yadda za su mayar da wasa da wanka da cin abinci su zama darasi, domin uwa ta fi kowane malami daɗewa tare da yaron.

A yi hattara da masu tallar waraka. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje a Riyad a kan nonon raƙumi, amma ba su tabbatar da cewa magani ba ne. Ɗanyensa ma yana da haɗari, domin cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a jikin wani majinyaci a Jidda a 2012, tana da alaƙa da raƙuma.

Abin yi yanzu

Mazauna Jidda su fara da likitan yara mafi kusa, su nemi ya tura su wurin ƙwararru. A gida Najeriya akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. Maza su daina barin mata su kaɗai da wannan nauyi, dangi da maƙwabta kuma su daina gori. Masu hali da ƙungiyoyin matanmu su dubi abin da matan Jidda suka fara da ƙarfin kansu, su kafa irinsa a Kano da Katsina da Maraɗi. Idan kun ga alamomin nan a jikin ɗanku, ku kai shi a duba shi tun yanzu, kada ku jira sai ya isa shiga makaranta.