Larabcin da Ke Ɓoye Cikin Bakin Mutanen Sifen

Batun yau shi ne yadda harsuna ke cuɗanya.

A ƙasar Sifen ana ce wa shugaban gari alcalde. Wannan kalma da alƙali ta Hausa uwarsu ɗaya, watau al-ƙadi na Larabci. Ko yaya aka yi haka?

Sifaniyanci ɗan Latin ne, harshen Rumawa na dā, kamar Faransanci da Italiyanci. Amma a shekarar 711 rundunar Musulmi ta haye teku daga Magrib, Tariƙ ɗan Ziyad ke jan ta. Dutsen da ya sauka kusa da shi, Jabal Tariƙ, shi ne Gibraltar. Ƙasar da suka ci aka kira Andalus. Tun daga nan har shekarar 1492, da birnin Garnaɗa ya faɗi, Musulmi da Kirista da Yahudawa suka zauna tare, mutane da yawa suna jin harshe biyu.

Masana sun ƙidaya kalmomi wajen 4,000 na Sifaniyanci da suka fito daga Larabci, in an haɗa da sunayen wurare. Sukari azúcar ne, auduga kuwa algodón. Abin lura shi ne, mutanen Sifen sun ɗauki kalmomin tare da al ɗin da Larabawa ke sawa a gaba, kamar yadda Hausawa suka yi da albasa da alkama. Mutanen Italiya kuwa sun yar da shi, suna cewa zucchero da cotone.

Daga baya zaman ya ɓaci. A shekarar 1567 aka yi shelar dokar Sarki Filibus na Biyu, wadda ta hana jikokin Musulmin Garnaɗa magana ko rubutu da Larabci. Daga 1609 zuwa 1614 aka kori jikokin Musulmi daga duk faɗin ƙasar, mutum wajen 300,000. Larabcin Andalus ya mutu ke nan.

To, amma aro bai kashe Sifaniyanci ba, sai ma ya ƙara masa arziki. Abin da ya kashe Larabcin Andalus doka ce da kora. Duk da haka kalmomin sun ƙi tashi. Har yau mutumin Sifen in yana fatan abu ya kan ce ojalá, asalinta kuwa in Allah ya so.

A huta lafiya.