Shara'ar Hadijatu Mani: yadda kotunan sama suka warware maganar wahayya

Tun farkon mulkin kai, alƙalan ƙasar Nijar da ma'auni biyu suke aiki. Idan maganar sata ce, ko kisan kai, ko cin amana, sai su buɗe kundin dokar hukunta laifuka. Idan kuwa maganar aure ce, ko saki, ko gado, ko gonar da ba ta da takarda, dokar 16 ga Maris 1962 ta umurce su da bin al'adar masu ƙara, ana kuma zaunar da dattawa masana al'ada kusa da alƙali domin su haska masa hanya. Dokar 22 ga Yuli 2004 ta bar wannan tsari, amma bisa sharaɗi: ba a aiki da al'adar da ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su, ko wadda ta tauye ƴancin mutum. Dokar 1 ga Yuni 2018 ita ma ta riƙe wannan sharaɗi.

Rubuta sharaɗi abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wurin gane ranar da al'ada ta ƙetare iyaka, kuma aikin kotunan sama ke nan. Shara'ar Hadijatu Mani ta nuna wannan a fili, domin ta taɓa aure, ta taɓa laifi, ta kuma taɓa diyya.

A shekarar 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a yankin Birnin Ƙonni, cikin jahar Tawa, ga wani Alhaji mai shekara 46, a kan sefa 240.000, wato jika 240. Mutumin yana da mata huɗu, saboda haka ba aurenta ya yi ba. Ta shiga gidan a matsayin wahayya, wadda ake kira mace ta biyar. Takardun shara'a da aka rubuta da Faransanci sun ce «sadaka», amma Bahaushe ya san kalmar: sa-ɗaka ce, ƙwarƙwara, babu abin da ya haɗa ta da sadakar da ake bai wa mabuƙaci. Shekara 9 ta yi tana aikin gida da na gona, ta kuma haihu a gidan.

Ana cikin haka, ranar 13 ga Yuni 2003, aka shigar da bauta cikin manyan laifuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta shiga ƙauyuka tana bayyana dokar. Ranar 18 ga Agusta 2005 Alhajin ya sa hannu a takardar ƴanta Hadijatu. Da ta ɗaura kayanta za ta tafi, sai ya tare ƙofa, ya ce ai baiwa ya ƴanta, matarsa kuwa tana nan.

Ta kai ƙara ƙaramar kotun al'ada ta Ƙonni. Ranar 20 ga Maris 2006 kotun ta ce babu aure, tun da ba a biya sadaki ba, ba a yi ɗaurin aure ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Alhaji ya ɗaukaka ƙara, sai babbar kotun Ƙonni ta rushe wannan hukunci ranar 16 ga Yuni 2006. Hujjarta ita ce, wai ya halatta ɗa ya auri baiwa idan ba shi da halin auren ƴa, yana kuma tsoron faɗawa cikin zina. Abin mamaki ne a ce an kawo irin wannan hujja a kan mai mata huɗu, shekara 3 bayan an haramta bauta.

Maganar ta isa Kotun Ƙoli a Yamai. Ranar 28 ga Disamba 2006 ta soke hukuncin babbar kotun Ƙonni, ta mayar da shara'ar can domin wasu alƙalai daban su sake dubawa. Sai dai a kan kuskuren tsarin shara'a ta dogara. Maganar bauta, wadda take kwance a cikin takardun, ba ta taɓa ta ba. Wannan shirun ya jawo wa Hadijatu wahala, ya kuma jawo wa ƙasa abin faɗe daga baya.

Kafin a sake zama, Hadijatu ta koma gidan iyayenta, ta auri wanda take so. Alhaji ya garzaya wurin jandarmomi ya kai ƙarar aure kan aure. Ranar 6 ga Afrilu 2007 babbar kotun Ƙonni ta raba ta da shi, amma da sunan saki, wanda ke nufin an yarda da cewa akwai aure tun farko. Ranar 2 ga Mayu kuma ɓangaren hukunta laifuka na wannan kotu ya yanke mata ɗaurin wata 6 da tarar jika 50, ita da ɗan'uwanta da sabon mijinta. Wadda aka saya ta kwana a gidan kaso, wanda ya saye ta yana gidansa. A lokacin kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne kawai a ƙasar, ta Yamai da ta Damagaram, kuma daga Ƙonni zuwa Yamai ya fi kilomita 400. Ranar 9 ga Yuli 2007 kotun Yamai ta ba da umurnin a sake ta na wucin gadi, ta kuma dakatar da maganar laifin har a tabbatar ko akwai aure ko babu. Wannan mataki daidai ne, domin ba a tuhumar mace da aure kan aure alhali auren farkon shi ne ake gardama a kansa.

Daga nan lauyoyinta, da taimakon Timidria da wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila, suka kai ƙarar gwamnatin Nijar gaban kotun CEDEAO. Kotun ta taso daga Abuja ta yi zama a Yamai cikin Afrilu 2008, ranar 27 ga Oktoba 2008 kuma ta yanke hukunci. Ba duka buƙatun Hadijatu ta karɓa ba. Ta ce ɗaurin da aka yi mata ya fito ne daga hukuncin kotu, don haka ba tsarewar ganin dama ba ce, kuma daga cikin miliyan 50 da ta nema, miliyan 10 aka ba ta. Amma ta tabbatar da cewa bauta ce aka yi, kuma ƙasa ta gaza kare ta. Ga abin da ya fi shafar ma'aikatan hukuma: kotun ta ce alƙalin da ya ga bauta cikin shara'ar da ke gabansa, wajibi ne ya tayar da maganar da kansa, ya sa a bi sawun mai laifi, ko da ba wanda ya roƙe shi. Gwamnati ta karɓi hukuncin, ta biya kuɗin.

Abin ya yi tasiri a cikin gida. A watan Mayu 2014, a Birnin Ƙonni, aka yanke wa wani mutum mai shekara 63 ɗaurin shekara 4 saboda ajiye wahayya, karo na farko da aka hukunta wani a kan haka. Ita kuwa maganar auren Hadijatu ta yi ta jiran ƙarshe har farkon 2019, lokacin da alƙalan sama suka ce babu wani aure da ya taɓa ƙulluwa tsakaninta da Alhajin, kuma al'adar mace ta biyar ta saɓa wa doka. Daga ranar da ta fara kai ƙara zuwa wannan hukunci, shekara 13 ke nan. Gaskiya ta fito, amma ƙalilan ne cikin matan ƙauye suke da lauya da ƙungiyar da za su tsaya musu tsawon wannan lokaci.

Tun daga nan abubuwa sun sake. An buɗe kotun ɗaukaka ƙara a Tawa, wadda ta rage wa mutanen jahar doguwar tafiya. A 2023 aka danƙa aikin kotun sama ga sabuwar Kotun Ƙasa. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, ƙofar Abuja da Hadijatu ta bi ta rufe ga sababbin ƙararraki. Macen da ta sami kanta yau cikin irin wannan hali, alƙalan cikin gida ne za su duba kukanta tun daga ƙasa har sama. Idan hukunci bai yi mata ba, wurin magatakardan kotun da ta yanke shi ake rubuta ɗaukaka ƙara, kuma wa'adin da doka ta tsayar gajere ne; in ya wuce, hukuncin ya zauna.