Gyara ko Sauyawa: Hukuncin Na'urar da Ta Samu Matsala

Manomin rani a Bacirawa ba ya saurin rabuwa da injinsa na ban-ruwa. Idan injin ya ƙi tashi, sai ya kai wa makanike, ko ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano neman kayan gyara. Dalilinsa a fili yake: cutar injin ba ta ɓuya ga ido da kunne, in kuwa gyaran ya ƙi, iyakar asarar ita ce tumatir ya yi yaushi.

Sai dai ba kowace na'ura ake yi wa wannan hukunci ba. Masu nutso a teku sukan ɗaura wata 'yar kwamfuta a hannu kamar agogo, irin Orca Edge da ta fito a Amurka a 1983. Aikinta shi ne auna zurfi da lokaci, da lissafa iskar naitirojin da ta shiga jiki, domin mai nutso ya taso sannu a hankali. Idan ya yi gaggawa, iskar takan yi kumfa a jini, har ta jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Ana iya sauya batirinta da madaurinta, amma da zarar ma'aunin zurfi ya fara ƙarya, ko ruwan gishiri ya shige ta, akasari sabuwa ake saya.

Saboda haka, kafin a yanke shawara akan duba abu uku: tsadar gyara, samuwar gwani, da girman asarar da kuskure zai haifar. Inda rai ke cikin haɗari, araha ba ta zama hujja.